Na Zaga Duniya A Bakin Ƙofar Kamfani

Wannan makon na ɗan jingine labarin da muke tafe da shi, ku yi mini afuwa, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya wadda nake so mu tattauna a kanta.

Cikin ƙorafe-ƙorafen da ake yi mana, mu da aka laƙaba wa sunan 'yan Adabin Kasuwar Kano, har da batun abinci. Wai da zarar amarya ta shiga kicin a cikin littafi sai ka ga an jero soyayyiyar shinkafa da salak da shawarma da kek, har ka gama littafin ba za ka ji ƙamshin daddawa ko a shafi ɗaya ba. Wai mu ne muka raba yara da tuwo, muka cusa musu kwaɗayin cimar baƙi wadda sai gidan masu hannu da shuni ake ganinta. Na ji wannan a wajen taro, na ji a rediyo, har wata baiwar Allah ta taɓa tare ni da shi a gidan biki. Ni kuwa kullum tambaya biyu nake yi: wanne ne abincin namu, wanne ne na baƙi? Sannan wa ya fi cin na baƙin a garin nan, Alhajin da ke cikin littafi ko leburan da ke yi masa aiki?

Ina da ƙane wanda ya yi shekara tara yana aiki a wata masaƙa kafin a rufe ta, yanzu A-daidaita-sahu yake ja. Shi ne wata rana ina cikin wannan mita ya ce da ni, “Yaya, ki daina musu da 'yan boko a kan abin da ba su gani ba. Ki ba ni yini guda in kai ki ƙofar kamfanoni, in ba ki ci abincin ƙasa goma ba kada ki ba ni kuɗin mai.” Na ce an gama. Gani ya kori ji.

Mun yi sammako ranar wata Laraba, muka bi ta Panshekara muka nufi Challawa, don ya ce in ina son ganin kasuwar safe sai na riski fitowar 'yan aikin dare. Duk wanda ya taɓa zuwa Challawa ya san hanci ke riga ido isa. Nan ne matattarar kamfanonin jima, inda ake gyara fatun awaki da na tumaki a loda su zuwa Italiya da Sifen, can a mayar da su takalma da jakunkuna. Wannan sana'a ba yau ta fara kai sunan Kano waje ba. Tun zamanin ayari ake ketara Sahara da jar fatar akuyarmu, Turawa su saye ta a bakin teku su kira ta fatar Maroko, alhali a ƙasar Hausa aka jeme ta. To amma ni ba fata ta kai ni ba, ciki ne.

Kasuwar da nake ba ku labari ba ta da suna, ba ta da sarkin kasuwa, ba ta da ko shago ɗaya na bulo. Rumfunan buhu ne da na tsohon kwano, da bencina, da murahun gawayi, an jera su a gindin katangar kamfani ƙarƙashin itatuwan darbejiya. Ita kanta darbejiyar da ke ba su inuwa 'yar ƙasar Indiya ce, zamanin Turawa aka kawo ta. Muka zauna a bencin wani mai shayi, cikin samarin da suka kwana a kan inji idanunsu jajur, kowa ya rungume kofinsa kamar za a ƙwace.

Na ɗauki gwangwanin kifi daga cikin dalar da ya gina a kan teburinsa na ce, “Malam, wannan daga wace ƙasa ya fito?” Ya dube ni ya yi dariya ya ce, “Hajiya, daga Singa na saro shi.” A wajensa iyakar duniya ke nan, Kasuwar Singa. Amma da na juya gwangwanin, Titus ne, a jikinsa an rubuta Maroko. Madarar Peak da yake tsiyayawa asalinta ta ƙasar Holan ce, tun 1954 take shigowa Nijeriya. Sukarin da yake kamfatowa da cokali, mafi yawansa ɗanyensa ake ɗaukowa a jirgin ruwa daga Barazil a tace shi a Legas. Biredin, alkamarsa ta ketare ce. Ita kuwa Indomie da ke tafasa a ƙaramar tukunya a gefensa, sunanta ma ya tona asirinta: taliyar Indunusiya. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara shigo da ita, a tsakiyar shekarun 1990 aka kafa mata kamfani a Ota ta jihar Ogun, yau ga shi yaron da bai iya tsarkin kansa ba ya iya kiran sunanta. Har kalmar shayi ɗin aro muka yi daga Larabci, ganyen kuma tushensa ƙasar Sin, duk da muna da namu da ake nomawa a tsaunin Mambila. Na lissafa da yatsu, a kan teburin nan ƙwai ne kaɗai da albasa zan iya rantsuwa 'yan gida ne.

Can gefe, daidai bakin get, wasu mutanen Azbin masu gadi sun naɗe fuska da rawani sun kewaye ɗan murhunsu na waya. Nasu shayin daban ne. Koren ganye ne na ƙasar Sin, a 'yar ƙaramar buta, ana dafa shi sau uku, ana ɗaga hannu sama ana tsiyaya shi daga buta zuwa ɗan kofin gilas har sai ya yi kumfa. Ƙanena ya yi musu sallama, suka miƙo mini na biyu, wai na farko ya fi ƙarfin baƙo. Wallahi na biyun ma sai da na runtse ido. Dattijon cikinsu ya kwance wani ƙyalle ya gutsuro mini cuku, busasshen nonon nan mai faɗi kamar takarda da ake yi a wajen Agadas da Tawa, ya haɗa mini da dabino uku. Ya ce ba na sayarwa ba ne, amma in ina so akwai ɗan'uwansa da ke kawowa. Ya kuma ce lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, sai da suka yi watanni cuku ya zama abin marmari, har zuwa 2024 da aka buɗe. Ka ji fa, shugabanni na rigima a Abuja da Yamai, bakin mai gadi a Challawa ne ke ɗanɗana kuɗarta.

Abu ɗaya na ƙi ci a Challawa, shi ne ganda. Na san mai sayar da ita wataƙila da gaskiyarta, amma tunda hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi a 2019 cewa akwai masu karkatar da fatun da aka riga aka zuba wa sinadarin jima su shigo da su kasuwa a matsayin ta ci, zuciyata ba ta kwanta mini da gandar da aka dafa a maƙwabtan majema ba. Ku ma ku riƙa lura.

Wajen sha biyu da rabi muka juyo muka shigo Sharada. Ita Sharada kashi uku ce, ta ɗaya da ta biyu da ta uku, akwai masu yin roba, da buhu, da takalman silifa, da sabulu, da kayan abinci. Da yawa daga cikin masu kamfanonin baƙi ne: Kwarori, da Indiyawa, da 'yan ƙasar Sin. Su ba a ganinsu a rumfa. Da rana ta take sai ka ga direba ya shiga da kuloli a jere a bayan mota, daga gida aka dafo musu. Mu kuwa muka samu wuri muka tsaya, ƙanena ya ce in zuba ido kawai.

Ai kuwa ana buɗe ƙaramar ƙofa sai ga mutane sun ɓarko kamar an fasa gidan tururuwa. Hutun ba shi da tsawo, a cikinsa za ka yi alwala ka yi azahar ka ci abinci, don haka ba mai tsayawa ciniki. Kowa ya san tukunyarsa. Ga wata Bayarabiya tana yankar amala da ɗan ƙoƙo tana watsa miyar ayoyo, tana yi wa samarin tsiya da Hausar da ta fi tawa gishiri. Kusa da ita wata 'yar ƙabilar Ibo da akpu da miyar agushi, a cikin miyar akwai gutsattsarin busasshen kifin nan mai tauri kamar icce wanda suke kira okporoko. Daga Norway ake kawo shi, ƙasar ƙanƙara, inda ake shanya shi a iska mai sanyi. Na tsaya ina kallon wani saurayi ɗan Ɗanbatta yana tsotsar ƙashin kifin Norway a gindin darbejiyar Indiya, da rigar aiki mai tambarin kamfanin 'yan Sin, na ce Kano tumbin giwa!

Layin da ya fi kowanne tsawo na mai garau-garau ne. Wake da shinkafa da mai da yaji, a yanka tumatir da albasa da ɗan latas, mai hali ya ɗora soyayyen kifi. In ka tambayi kowane Bakano zai ce maka wannan kam namu ne gaba da baya. To mu bi shi a hankali. Waken namu ne, ba musu. Shinkafar, shekaru da dama 'yar Tailan da 'yar Indiya ce ta cika tukwanen nan, sai da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, injinan gyaran shinkafa suka yawaita a Kano, sannan 'yar gida ta samu shiga sosai. Barkonon da ke cikin yajin, da tumatirin, da gyaɗar da aka matse man, dukkansu asalinsu nahiyar Amurka ne, jiragen ruwan Turawa ne suka ketaro da irinsu shekaru ɗaruruwa da suka wuce. I, har gyaɗar da muka yi dala da ita muna alfahari. Masara kuwa sunanta ma yana nuna hanyar Masar. Ɗanɗanon da ke cikin yajin, dunƙulen Maggi ne wanda ya samo suna daga wani mutumin Suwizalan, da farin magi na Ajinomoto, ɗan Japan. Kifin nan kuma a kwali ya zo cikin ƙanƙara daga tekun da mai cinsa bai taɓa gani ba.

Sai awara. Allah Sarki awara, abincin marayu da 'yan makaranta! 'Yan mata uku na gani da bokitansu masu haske, kafin minti goma sun karkaɗe. Yaran yanzu sun ɗauka tun zamanin Bagauda ake cinta, ni kuwa na yi wayo babu ita a unguwarmu. Cukwin waken suya ne, wanda mutanen Sin da Japan suka daɗe suna yi, kuma a ƙarshen shekarun 1980 ne cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, tare da wani masani ɗan Japan, suka duƙufa wajen koya wa mata yadda za a yi shi da abin da ke hannunsu. Matanmu suka karɓa, suka ɗaure shi da ruwan tsami, suka soya shi a man gyaɗa, suka barbaɗe shi da yaji, suka ara masa suna daga wara, wato cukwin nonon shanu da ake yi a ƙasar Yarbawa. Yau in ka kai wa Bajapane awarar Sharada da ƙyar zai gane 'yar gidansu ce.

Kada a ce na share namu. Gero da dawa da wake da kuka da kuɓewa da yakuwa da daddawa, waɗannan ba wanda ya kawo mana su, kuma na ga mai tuwon dawa miyar kuka a can ƙarshen layi, da mai fura. Sai dai tsofaffin ma'aikata ne suka fi zama wajenta. Wannan kam yana yi mini ciwo, musamman daddawa da dunƙule ya kora daga tukwane. Amma wanda ya kore ta ba littafin soyayya ya karanta ba. Sauri ne da araha: mai minti talatin ba ya jiran tuwo ya sulala.

Na matsa kusa da mai garau-garau bayan an watse, tana kankare tukunya. A ƙarƙashin faranti na hango wani littafi mai bangon makaranta duk ya sha mai. Na ce, “Baba, ke ma marubuciya ce?” Ta ce, “'Yar nan, wannan littafin ya fi naki sa kuka.” Littafin bashi ne. Yawancin masu cin abincinta 'yan aikin wucin gadi ne, wasu a biya su ƙarshen mako, wasu ƙarshen wata, don haka ci suke a rubuta. Ran da aka biya su ta samu, ran da aka ce babu wuta ko babu kayan aiki an sallami rabin mutane, to sunayensu na nan a littafi, su kuwa sun bi duniya. Ta ce ita ba ta taɓa riƙe dala a hannunta ba, amma duk ran da ta ji a rediyo dala ta tashi, ta san gobe kwalin kifi da taliya da magi sun tashi, kuma ba ta isa ta ƙara wa lebura kuɗin faranti yadda aka ƙara mata ba, sai dai ta rage cokali.

Nan ne na samu amsar tambayata ta biyu. Alhajin cikin littafi yana cin abincin baƙi ne don marmari, ran da ya ga dama ya koma tuwon shinkafa miyar taushe. Lebura kuwa cimar ketare ce ta zame masa dole, safe da rana, don ita ce mai saurin dahuwa mai cika ciki. Shi ya sa da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a 2024, wanda ya fara ji a jikinsa shi ne mai cin Indomie da biredi a kan benci. Masu yi mana faɗa a kan shawarmar amarya, da za su karkato da faɗan nan wajen tambayar me ya sa ƙasa mai Kadawa da madatsar Tiga ba ta iya ciyar da ma'aikacinta da alkamarta, da sun fi burge ni.

Bayan la'asar muka ratsa gari muka nufi Bompai. Ita ce babbar yaya a cikin ukun, tun zamanin Turawa aka fara kafa masana'antu a cikinta. A hanya ƙanena ya yi shiru, sai nuna mini yake da baki: nan masaƙa ce da, nan ma haka, nan ana yin alewa. Wasu an mayar da su rumbun ajiye kaya, wasu ciyawa ta cinye harabar. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa na 2000 ne masaƙun Kano suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ga rashin wuta, ga tsadar baƙin mai, ga atamfar Sin mai araha ta cika Kantin Kwari. Ya ce a ƙofar tasu masaƙar kaɗai mata fiye da goma ke dafa abinci, ran da aka sa kwaɗo a get ba wanda ya lissafa da su cikin waɗanda suka rasa aiki.

A Bompai ne kamfanin fulawa na Northern Nigeria Flour Mills yake, wanda aka kafa a 1971, saboda haka ba mamaki da na ga masu gurasa sun fi yawa a wannan ɓangare. Muka sayi bandashe, an jiƙa ta da ruwa an turbuɗe ta da ƙuli-ƙuli da mai da albasa, muka ci a tsaye. In akwai abincin da Kano ke tinƙaho da shi to gurasa ce, har a kan ce wanda bai ci ta Jakara ba bai zo Kano ba. Amma ita ma jikar Larabawa ce, kamar 'yan'uwanta alkubus da alkaki, sunayensu duka daga Larabci suka fito. Fataken Turabulus da Gadamas da suka zauna a cikin birni, wajen Alfindiki da Dandalin Turawa, sun bar mana abubuwa da yawa a tukunya. Kuma ku sani Turawan da ke cikin sunan unguwar nan Larabawa ake nufi, don su aka fara kira da wannan suna kafin zuwan Nasara. Da can da alkamar fadamunmu ake yin ta, yanzu fulawar kamfani ce. Gwamnatin Babangida ta taɓa hana shigo da alkama a 1987, aka duƙufa nomanta a Kadawa, bayan 'yan shekaru aka janye hanin aka koma gidan jiya. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 sai da tanderun cikin birni suka ji a jikinsu, kuma a watan Fabrairun 2024 mata masu gurasa suka fito titi a Kano suna zanga-zanga a kan tsadar fulawa. Matan da ko ƙofar gida ba su cika leƙawa ba!

Ga kuma ita shawarmar da ake ta yi mana gori a kanta, a bakin titi, wani matashi yana yankar nama daga jikin ƙarfe mai juyawa. Ya ce a kicin ɗin wani Kwara ya yi shekara shida yana wanke-wanke har ya koya. Su Kwarori, wato mutanen Labanan da Siriya, sun fara yawaita a Kano ne bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, suka shiga cinikin gyaɗa da na yadi, daga baya suka kafa masana'antu, har titi guda ake kira da sunan babban birnin Labanan, Beirut Road. Wasu gidajen sun kai jika da tattaɓa-kunne a nan, Hausa a bakinsu kamar 'yan Fagge. Bayan harin 20 ga Janairun 2012, wanda ya taɓa har hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, baƙi da yawa sun tattara sun tafi, wasu sun dawo, wasu shiru. Na tambayi yaron ko irin ta maigidansa yake yi. Ya ce, “Ina! Hajiya, tasu tafarnuwa ce da tsami, ba mai saye a nan. Ni kabeji nake cikawa da bama da yajin tsire.” Na ce to ka ga ita ma ta kama hanyar awara, nan da shekara ashirin wani zai rantse kakarsa ce ta ƙirƙiro ta.

Muka leƙa Kasuwar 'Yankaba da ke kan titin Haɗeja, ba nisa, inda ake sauke kayan lambu daga Jos da kewayen Kano. A nan na ga kukun gidajen baƙi da kwanduna suna tsintar abin da mu ba mu ɗauke shi abinci ba. Wani yana zaɓar wani abu mai ƙuraje kamar babban garafuni, wai Indiyawa ke soya shi duk ɗacinsa. Wani ya ɗaure damin na'a-na'a da wani ganye mai kama da na karas na salak ɗin Kwarori. Mai rumfar, Bakano da shi, yana kiran sunan kowane ganye da yaren masu cinsa, bai taɓa zama a aji ba. Ban daɗe ba, don magariba ta kawo jiki kuma ƙanena ya ce akwai wadda ya ajiye mini a ƙarshe.

Can wajen Dakata, a bakin wani lungu da 'yan aikin dare ke bi, wata dattijuwa ce zaune a kan kujera 'yar tsugunno, jikarta na zuba abinci. Ƙanena ya durƙusa ya gaishe ta, ta kira shi da sunan masaƙarsu ta da, alamar tsohon mai cin bashi ne. Da aka buɗe tukunya sai na ga wake da shinkafa, amma ja, kamar an rina. Na ce, “Inna, wannan fa?” Ta ce, “Waace ke nan, ɗiyata. Ci ki ji.” An dafa shi da karan dafi da 'yar kanwa, shi ya ba shi launin. A gefe aka zuba taliya kaɗan, da garin rogo da aka murza da mai, da dafaffen ƙwai, sannan aka ɗora wani baƙin yaji soyayye mai ƙamshin busasshen kifi, wanda ta ce sunansa shito. Jama'a, na ci abinci a ranar nan, amma wannan ne ya sa na nemi ƙari.

A zangon Kumasi aka haife ta. Kakanta Bakano ne, fataucin goro ya kai shi Gwanja ya zauna. Tana yarinya gwamnatin Busiya ta kori baƙi daga Gana a 1969, aka loda su a mota da 'yan ƙullin kayansu, suka dawo garin da ita ba ta taɓa gani ba, inda yara ke yi mata dariya wai Hausarta ta karkace. Abin da mahaifiyarta ta taho da shi wanda ba a iya ƙwacewa a kan iyaka shi ne wannan girki, da shi ta ciyar da su, ita ma da shi ta aurar da nata 'ya'yan.

Na ce to ai wannan abincin Gana ne ke nan. Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, “Ke kuwa da iliminki! Faɗi sunan a hankali.” Na faɗa, waace, waace, sai na ji wake. Wake da shinkafarmu ce fatake suka tafi da ita, ta zauna a zango, ta auri shito da garin rogo, ta dawo gida da sabon suna. Ta ce ba ita kaɗai ba ce: a can har gobe ana sayar da koko da ƙosai da safe ana kiran kokon da sunan Hausawa, kuma tuwon da mutanen arewacin Gana ke ci sunansa tuwon zafi. Ƙanena ya sa baki ya ce wani abokinsa da ya yi karatu a Sudan ya ba shi labarin a Khartum ma akwai gasasshen nama mai ƙuli-ƙuli da ake kira agashe, na Hausawan da tafiyar Makka a ƙasa ta zaunar da su a can.

Na tambaye ta ko ita ma tana da littafin bashi. Ta ce tana da guda uku a ƙarƙashin gado, na kamfanonin da suka mutu, ba ta yar ba, kuma ba ta bin kowa. Jikar ta ce a'a, akwai wanda ya zo bara daga Abuja da mota ya biya na shekara goma sha biyar, ya ƙara mata da turmin atamfa. Dattijuwar ta harare ta ta ce wa ya tambaye ki.

Aka kira sallah a masallacin bakin titi. 'Yan aikin dare suka fara tsayawa ɗaya-ɗaya da robobinsu a hannu, don in an rufe get ba mai fitowa sai gari ya waye. Na roƙe ta ta sayar mini da shito a kwalba in kai gida, ta ce ba ta sayar da shi shi kaɗai, amma in na dawo ranar Asabar da safe, lokacin da take soya na mako, in zo da kwalbata da kujerata in zauna in gani da idona.